Akwai Mutum a Ƙasa

A garinmu Broken Hill, sayen hannun jarin ƙananan kamfanonin azurfa ba abin labari ba ne. Kowa na da ɗan kamfanin da yake goyo. Direban tasi na da nasa, mai wanki a asibiti na da nata, har Fada na cocinmu an ce yana da wasu 'yan tsiraru da ba ya son a yi zancensu. Guda ɗaya bai kai kuɗin ashana ba, saboda haka mutum kan kwashi dubbai ya riƙa jin shi ma mai ma'adinai ne. Ranar da aka ga motar haƙa ta nufi wani tudu, farashi ya yi tsalle. Ranar da ta juyo, ya faɗi warwas. Mai wayo yakan sayar tun motar ba ta juyo ba, ya sayi firji ko ya gyara rufin kwano, ya jira wata motar.

Glenys Trewartha ce kaɗai ta ƙi buga wasan yadda ake buga shi. Askin maza take yi a unguwar kudu, a wani ɗan shago mai kujera ɗaya da benci. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Kamfani ɗaya tak take saye, Kamfanin Azurfa na Bess. Duk Juma'a in ta rufe shago sai ta ware wani abu daga cinikin mako ta ƙara, kuma tun da ta fara ba ta taɓa sayar da ko guda ba. Ya hau, tana riƙe. Ya faɗi, ta ƙara saye.

"Uwar masu kuɗi, yaya Bess?" Col Pengelly ke nan, shugaban mahaƙa, wanda suka yi firamare tare da ita. Bai taɓa zama a kujerar ba tare da ya tsokane ta ba.

"Tana nan tana barci, kamar kai a wurin aiki. Sunkuyar da kai."

"In kin yi arziki ki tuna da ni."

"Zan tuna. Zan saya maka gashi, in huta da karɓar kuɗinka a banza."

'Yan benci su kwashe da dariya. Amma tsokanar iyakarta ke nan, ba mai wuce wurin. Baƙo ne kawai kan tambaye ta dalilin da ya sa ba ta sayarwa, shi ma sai wani ya taka masa ƙafa.

Dalilin kuwa yana rataye a jikin ƙusa, a wata tsohuwar rumfar kwano can bayan gari.

Bess sunan rami ne kafin ya zama sunan kamfani. Ƙaramin rami ne, ba ya cikin manyan nan na tsakiyar gari, kuma a nan mahaifin Glenys, Alby Trewartha, yake aiki. A bakin kowane rami akwai allo mai ƙusoshi. Kowane mahaƙi na da lambarsa ta tagulla, ƙarama kamar murfin kwalba. In zai sauka ya rataye ta a allon, in ya fito ya cire abarsa ya jefa aljihu. Kuma ba a tayar da nakiya matuƙar akwai lamba ko ɗaya a allo. Ba mai taɓa lambar wani. In mutum ya manta ya tafi gida bai cire ba, aiki ya tsaya ke nan, a bi shi har gida, ko yana cikin baho ne, ya zo ya cire da hannunsa yana shan zagi. Sai allo ya zama wayam shugaban aiki zai ɗaga murya ya ce, "Babu kowa a ƙasa." Sannan a fasa.

Glenys ba ta kai shekara sha biyu ba lokacin da rufin hawan ƙarshe na Bess, can ƙasan ramin, ya rufta. An ciro mutum biyu da rai. Ana cikin neman Alby ruwa ya ɓalle daga wata tsohuwar hanya, masu ceto suka fito da ƙyar. Kamfanin wancan zamani ya rufe bakin ramin da ƙarfe, bai daɗe ba shi ma ya karye. Wanda ya mutu a rami, in an fito da gawarsa, shugaban aiki ne ke cire masa lamba ya kai wa matarsa. Alby kuwa ba a fito da shi ba. Shugaban aikin ya tsaya gaban allon ya daɗe, ya sa hannu a aljihu ya juya. Ya ce shi ba zai cire lambar wanda bai fito ba.

Haka ta zauna. Injuna aka kwashe, kwanon rufi iska ta ɗebe rabi, awakin daji suka mai da wurin makwanci, lambar tana nan ita kaɗai a allo. Uwar Glenys takan je da tsumma da man goge tagulla ta goge ta. Da za ta rasu ta sa aka saya mata kabari mai wurin mutum biyu, aka rubuta sunanta a gefe ɗaya na dutsen, aka bar ɗaya gefen fari fat. Ba ta bar wa 'yarta wasiyya ba, tsumman kawai ta bar mata, kuma Glenys ta gane.

Tana sabuwar amarya wasu mutanen birnin Adelaide suka sayi lasisin tudun, suka kafa sabon kamfani da tsohon suna. Wani dillali da take yi wa aski ya ce mata, cikin hira kawai, ai duk mai hannun jari, ko guda ɗaya gare shi, yana da ikon ya shiga taron shekara ya miƙe ya yi wa shugabanni tambaya, kuma dole su amsa. Ta dakata da almakashi.

"Dole?"

"Dole. Doka ce."

"In kuma hannun jarin da yawa fa?"

"Ai sai muryarki ta fi ƙarfi."

To, ka ji mafari. Ita a nata lissafin, in ta yi ta tarawa, wata rana muryarta za ta yi ƙarfin da za a buɗe ramin a fito mata da ubanta. Ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata cewa irin waɗannan kamfanoni, duk lokacin da aljihu ya bushe, sababbin hannayen jari suke bugawa su sayar, ta yadda rabon mai ƙaramin ƙarfi kullum ƙara sirancewa yake. Ko da yake, a gaskiya, an gaya mata daga baya. Ta yi kunnen uwar shegu.

Duk shekara ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, ta ƙunshe burodi da nama, ta hau motar Adelaide. Taron ba ya wuce ɗan ɗaki a otal, mutum goma sha wani abu, rabinsu tsofaffi da suka zo don shayi da biskit. In shugaba ya gama karanto alkawuran baɗi ya ce ko akwai tambaya, sai ta miƙe.

"Glenys Trewartha, daga Broken Hill. Yaushe za a buɗe ramin? Akwai mutum a ƙasa."

Shugabanni suka yi ta canzawa. Wani ya zo da batun zinariya, wani ya ce nan gaba kaɗan, wani ya kwashe shekara biyu ba a ga ko shebur a tudun ba. Kowane sabo sai an ja shi gefe an yi masa bayanin matar nan mai shuɗiyar riga. Amsarsu ɗaya ce, suna duba lamarin. Ita ma tambayarta ɗaya ce. Ta sha shayinsu, ta hau mota ta dawo.

Mijinta Vinko bakanike ne, iyayensa daga Kuroshiya suka zo. Mutum ne mai haƙurin tsiya, amma shi ma an taɓa kai shi bango. Wata shekara jita-jita ta tashi, Bess ta ninka har sau uku cikin mako guda, duk gari ana sayarwa. Vinko ya daɗe yana son ya kai tsohuwarsa ta ga ƙauyensu na bakin teku kafin ta mutu. Wani dare suna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, "Glen, ko rabi ne. Rabi kawai."

"In na sayar da rabi, rabin bakina na sayar."

"Wane baki? Wa yake jin ki a can?"

Kafin wata ya ƙare farashin ya koma inda ya fito, tsohuwar kuma ta rasu ba ta ga tekun ba. Abin ya yi wa Vinko ciwo ƙwarai, ya yi watanni ba ya doguwar magana a gida. Ita ma ya yi mata ciwo, don tana son surukarta. Amma Juma'a na zuwa ta je ta ƙara saye. Ni dai ban ce ta kyauta ba. Abin da ya faru nake faɗa.

Sai da furfura ta gama cin kanta sannan abin ya zo. Azurfa ta yi tsada a duniya, kamfanin ya samu masu zuba kuɗi na gaske, aka kawo motocin haƙa har uku. Wannan karon ba su juyo ba. Sun huda ƙasa sun wuce tsohon ramin, can ƙarƙashinsa suka ci karo da jijiyar azurfa mai kauri. Gari ya ruɗe. Waɗanda suka shekara suna yi wa Glenys dariya suka yi layi wurin dillali suna neman Bess. Aka fara ɗaukar ma'aikata, samarin da suka tafi yamma neman aiki suka fara dawowa da matansu.

Ranar da labarin ya fito Glenys ta rufe shago da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta je maƙabarta ta gaya wa uwarta.

Sabon manajan, Mista Lockyer, mutumin kirki ne, kada a ɗauki alhakinsa. Bai aiko mata da saƙo ba, da ƙafarsa ya zo shagon, ya jira layi, ya zauna a kujera. Ta ɗaura masa ƙyalle ta fara aski, shi kuma ya fara bayani yana kallonta ta madubi. Ba ta tsohon ramin za a bi ba. Sabuwar hanya za a fasa daga gefen tudu, ta gangara ta shiga ƙarƙashi. Tsohon ramin kuwa cike yake da ruwa da ruɓaɓɓen katako, kuma zai kasance bisa kan mutane suna aiki. Ba yadda za a bar shi haka. Za a zuƙe ruwan, a ɗura siminti da yashi ta bututu har ya cika, ya zama dutse ɗaya.

"Har hawan ƙarshe?" ta tambaya.

"Daga can za a fara, Misis Trewartha. Ki yi haƙuri. Na sa an zura na'urar ɗaukar hoto, na duba da idona. Ba zan iya tura mutum wurin nan ba."

Ta kwance masa ƙyallen ta kakkaɓe. "Tashi."

"Ai ba ki gama ba."

"Na gama."

Haka manajan Bess ya bi titi da rabin kai a aske. A wata rana daban da an shekara ana dariyar abin, amma ran nan ba wanda ya ko murmusa.

A taron da aka kira don amincewa da tsarin, ɗakin otal bai ishi jama'a ba. Aka ce masu goyon baya, hannaye suka tashi kamar dawa a gona. Aka ce masu adawa, hannu ɗaya ya tashi, cikin shuɗiyar riga. Abin da ta tara tun tana amarya, da aka auna shi da na manyan masu kuɗi, ko motsa ma'auni bai yi ba. Ta dawo gida ta rataye rigar, ta ce wa Vinko ya bayar da ita.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ranar fara fasa dutse ta zo. An huda dutse, an ɗura nakiya, an ja waya, manya sun zo daga Adelaide da hular kwano sabuwa fil. Aka jira Col Pengelly ya ba da umarni. Col ya dubi sabon allo, wayam. Ya juya ya dubi tsohuwar rumfar da ke can saman tudu. Ya cire safar hannunsa.

"Akwai lamba a allo," ya ce.

Lockyer ya ce, "Col, wancan allon wani kamfani ne da ya mutu tun kana yaro."

"Tudun ɗaya ne, ranka ya daɗe."

"To a aika wani ya ciro ta, a kai wa 'yarsa cikin mutunci."

Col ya waiwaya ya dubi mutanensa. "Wa zai je?"

Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Lockyer na iya hawa da kansa ya cire, ba mai riƙe masa hannu, amma ya san in ya yi haka ba ɗan garin nan da zai sake sauka masa rami. Manya suka koma Adelaide da hulunansu.

Ka ga ikon Allah. Abin da hannun jarin shekara da shekaru bai ba ta ba, ga shi 'yar tagulla ta ba ta a yini ɗaya. Aiki ya tsaya cik, farashin Bess ya fara zamewa, kuma yanzu ba kuɗin masu kuɗi kaɗai ke ciki ba, har da na direban tasi da na mai wankin asibiti. Samarin da suka dawo suka zauna a gida suna jiran a kira su. Duk da haka ba wanda ya je ya ce mata ta cire. Ko mutum ɗaya. Suna zuwa aski, su zauna, su yi zancen ƙwallo da zafin rana, su biya su tafi. Ita kuwa wannan kawaicin ya fi zagi yi mata nauyi, ta gwammace a zage ta ta rama.

Col ne ya zo wata ranar Laraba, ya zauna a benci har shago ya watse.

"Glen, mun yi shawara. Akwai mutum huɗu da suka ce za su gwada. In an zuƙe ruwan, a buɗe tsohon bakin, a sauka da igiya. Lockyer ya ce sam, amma in kin ce a yi, ba za mu fasa dutse ba sai ya yarda."

"Su wa?"

Ya lissafa mata su. Na farko shi kansa, da gwiwarsa mai ciwo. Na ƙarshe Dario Zanette, wanda bai daɗe da dawowa daga yamma ba.

"Za a same shi?"

"Ban sani ba. Katakon ya ruɓe. Ba zan yi miki ƙarya ba, wurin ba kyau. Amma Kawu Alby namu ne."

Abin da ta yi ta roƙo a ɗakin otal ke nan tun tana da baƙin gashi, yau an kawo mata shi har shago. Murna ta kama ta. Ta ce masa ya ba ta zuwa Juma'a.

Washegari Dario ya shigo aski, ko dai don gashin ne ko don ya nuna mata da gaske yake. Ta san kan nan tun yana zama a kan katako bisa hannun kujera don ya kai madubi. Ya yi ta zuba surutu, ya kama gida a unguwar arewa, matarsa ta samu aiki a kantin magani, ya gaji da kwana a sansanin ma'aikata. Ta ce ya sunkuya. Ta shafa kumfa a ƙeyarsa ta ɗauko aska. A nan ta ga 'yan ɗigon baƙin tabo a bayan wuyansa, irin wanda tsakuwar rami ke bari in ta shiga fata ta warke a ciki. Ubanta na da irinsu a daidai wurin. Takan gan su da yamma, in ya sunkuya a bayan gida uwarta na zuba masa ruwa.

Ta daɗe riƙe da askar ba ta motsa ba.

"Lafiya, Anti Glen?"

"Rufe min baki in gama." Ta aske ƙeyar tas, ta goge, ta ɗan buge shi da tawul. "Ba inda za ka sauka. Ka gaya wa Col, wancan mai sanƙon, ya tara mutanensa gobe da safe."

Vinko ne ya kai ta rumfar a tsohuwar motarsa. Ba ta sa rigar coci ba, da rigar aikinta ta zo, almakashi na leƙowa daga aljihu. Mahaƙa sun jeru a bakin rumfar, huluna a hannu. Lockyer ya tsaya can baya, an dai gyara masa kan a wani wuri.

Lambar ta sirance saboda guga, har rubutun jikinta ya kusa shafewa. Glenys ta ciro tsumman uwarta ta goge ta tukuna, gaba da baya, yadda aka saba. Ƙusar ta yi tsatsa ta kumbura, lambar ta ƙi fita. Col ya matso zai taimaka, ta harare shi ya koma. Ta murɗa, ta ja, har yatsanta ya fashe, sannan ta fito.

"To, Baba," ta ce, ba da ƙarfi ba. "An tashi aiki."

Ta jefa ta aljihu tare da almakashi.

Aka sauka wurin fakewa gaba ɗaya. Mai nakiya na can yana jiran umarni ta rediyon oba-oba. Col ya ɗaga rediyon ya kai baki, ya danna. Maganar da ya faɗa sau dubu a rayuwarsa, yau ta maƙale. Ya saki, ya yi gyaran murya, ya sake dannawa. Katon mutum, hawaye na bin gemunsa, ya kasa.

"Kai dai ba ka taɓa gama aiki ba tun muna aji ɗaya," in ji Glenys. "Ba ni nan."

Ya miƙa mata. Ta juya rediyon tana neman wurin dannawa, Dario ya nuna mata. Vinko ya dafa kafaɗarta. Ta kai shi baki, da muryar nan da ta saba miƙewa da ita a ɗakin otal, ta ce:

"Babu kowa a ƙasa."

Jiniya ta yi kuka. Ƙasa ta buga sau ɗaya a ƙarƙashin ƙafafunsu, ƙura ta tashi daga gefen tudu, awakin daji suka watse. Glenys ta tsaya har ƙurar ta kwanta, hannunta ɗaya cikin aljihu. Sannan ta mayar wa Col rediyonsa, ta ce wa Vinko su biya ta wurin mai sassaƙa dutsen kabari kafin ya rufe.